Musayar Waƙa: Ina Wurinka a Daren Baitalami?

Dattijo:

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Da Kirsimeti ya matso, na sake karanta sura ta 2 ta Bisharar Luka, sai na tsaya cik a kan aya ta 7, inda aka ce Maryamu ta kwantar da ɗanta na fari, Yesu, a komin dabbobi domin ba su sami wuri a masauki ba. Ga 'yan baitocin da suka zo mini, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya amsa da waƙa, ya faɗi inda yake ganin kansa a wannan dare.

Da sunan Ubangiji zan buɗe waƙa,
Shi ne Mahalicci, shi ke rayarwa.

Augustas na Roma ya ba da doka,
Kowa ya je garinsu don ƙirgawa.

Yusufu ya bar Nazarat ta Galili,
Da Maryamu tana dab da haihuwa.

Garin kakansa Dawuda ya nufa,
Baitalami, ga tudu suna ta hawa.

Suka iske masauki ya cika da baƙi,
Babu ko ɗan wurin kwantawa.

Ta haifi ɗanta, ta naɗe shi da zane,
Ta sa shi a komin da ake zuba ciyawa.

Luka bai ambaci mai masaukin ba,
Amma ni na san shi, ba na mantawa.

Ni ne shi, na cika zuciyata da kaya,
Har Mai gida ya zo, na kasa buɗewa.

Matashi mai gadi:

Baba, na gode da wannan gayyata, sai dai ban yarda ka ɗora wa kanka laifin kai kaɗai ba, domin dukanmu mun taɓa rufe wannan ƙofa. Ni aikin dare nake yi tun daga faɗuwar rana har asuba, saboda haka makiyayan ne suka fi kama mini zuciya.

Baba, ka ji amsar ɗanka mai gadi,
Mai kwana a tsaye, da ƙofa a tsare.

Makiyaya na fili suna tsaron garke,
Kamar ni, da sanda, cikin sanyin dare.

Ba fada aka aika da albishir ɗin ba,
Ba gun Sarki Hirudus ba, ko manyan zaure.

Mala'ika ya ce musu kada su ji tsoro,
Za su ga jariri a komi, da zane a ɗaure.

Suka ce wa juna mu je mu gani,
Suka ruga Baitalami, ba wanda ya ware.

Suka koma bakin aiki suna yabon Allah,
Sana'a ba ta sauya ba, amma tsoro ya ƙare.

Immanuwel, in ji Ishaya tun da can,
Ma'anarsa Allah da mu yake tare.

Idan tocilata ta fara disashewa,
Wannan suna nake riƙewa in daure.

Wata uwa:

Baba da ƙanena, ku yi mini haƙuri, domin amsata ba ta farin ciki ba ce. Shekara 2 ke nan da na binne ɗana yana da wata 9, kuma tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ɗauko labarin haihuwar nan, hankalina yakan tafi sura ta 2 ta Matiyu, inda Hirudus ya sa aka kashe yara maza na Baitalami da kewayenta, daga masu shekara 2 zuwa ƙasa.

Kuna ta zancen haske da mala'iku,
Ni kuwa daga Rama nake jin kuka.

Rahila ce, wadda Irmiya ya ambata,
Ta ƙi lallashi, ni ma kuma haka.

Masana taurari sun kawo zinariya,
Da lubban da mur, na yarda ba shakka.

An gargaɗi Yusufu cikin mafarki,
Ya nufi Masar da yaron da ya ɗauka.

To, sauran uwayen Baitalami fa,
Waɗanda aka bi 'ya'yansu da yanka?

Zanen goyon ɗana na nan cikin akwati,
Ƙanshinsa nake ji duk sa'ad da na shaƙa.

Ban bar addu'a ba, Allah ne shaida,
Amma bakina ya yi nauyi da waƙa.

Baba, kai ka ga jiya, ka ga yau,
Ina wurina a wannan dare, a ganinka?

Malam:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, kuma ba zan ɓoye ba cewa mun sha bamban da ku a kan matsayin Annabi Isa, alaihis salam, domin a wurinmu bawan Allah ne kuma ManzonSa. Amma kukan wannan baiwar Allah ya hana ni yin shiru, don haka na kawo mata abin da muke karantawa a Suratu Maryam, daga aya ta 23 zuwa ta 26.

Baiwar Allah, ki dubi Nana Maryam,
Naƙuda ta kai ta gindin dabino ita ɗaya.

Ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan,
A manta da ita gaba ɗaya a duniya.

Ba a tsawata mata a kan furucin ba,
Aka ce kada ta sa baƙin ciki a zuciya.

Ga ƙorama a ƙarƙashinta, ga nunannun dabino,
Ta girgiza, ta ci, ta sha, ido ya sanyaya.

Allah Ya sa ɗanki mai ceto ne,
Ya ba ki haƙuri, Ya raya sauran zuriya.

Dattijo:

Malam, mun gode ƙwarai, Allah ya saka maka da alheri. 'Yata, na jinkirta amsa ne domin tambayarki tana da nauyi, kuma ba zan ƙirƙira miki dalilin da Littafi bai bayar ba game da waɗannan yara. Abin da zan iya shi ne in kama hannunki mu bar Baitalami, mu yi tafiyar kusan kilomita 10 zuwa Urushalima, kwana 40 bayan haihuwar, ranar da iyayen suka kai yaron Haikali.

'Yata, ki zo mu bi Maryamu Haikali,
Da 'yan tsuntsaye biyu, iyakar ƙarfinta.

Shari'ar Musa ta ce a kai ɗan rago,
Wadda ba ta da hali, wannan ya ishe ta.

Saminu tsoho ya rungumi yaron,
Ya yi godiya, sa'an nan ya dube ta.

Bai ɓoye mata ba, ko a ranar murna,
Ya ce takobi zai soki zuciyarta.

Wadda ta naɗe shi da zane a komi,
Ita ta tsaya gun gicciye, ɗan na gabanta.

Ga Hannatu kuma, gwauruwa tsohuwa,
Shekara bakwai kawai ta yi da mijinta.

Ba ta rabuwa da Haikali dare da rana,
Azumi da addu'a su ne hidimarta.

Kin tambayi wurinki, yana nan tsakaninsu,
Kusa da uwar, kafaɗarki na taɓa tata.

Idan bakinki ya yi nauyi da waƙa,
Ki kawo hawaye, hadaya ce, zai karɓe ta.

Wata uwa:

Baba, Malam, ƙanena, na karanta amsoshinku, na kuma karantawa. Shekara da shekaru ina jin sura ta 2 ta Luka, amma ban taɓa lura da maganar takobin nan ba, ga shi kuwa tana nan a aya ta 35.

Ban ce na warke ba, kada in yi ƙarya,
Jiya ma na kwana ina ta kuka.

Amma na buɗe akwatin da asuba,
Na fito da zanen, na shimfiɗa a ɗaka.

Na durƙusa a kai, na kira sunan yaron,
Na ce, Ubangiji, ga shi nan a hannunka.

Ranar Kirsimeti zan zo sujada,
In zauna a baya, ko ban iya waƙa.