Biskit ɗin yogot: nawa ya fito kamar danƙo, ku yaya naku ya yi?

Maman Khalifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wadda ta taɓa yin biskit da yogot ya yi kyau ta zo ta nuna min inda na kauce. Watan jiya aka yi wa Abban Khalifa gwajin jini, likita ya ce kitsen jininsa ya hau, a rage masa maiƙo. Shi kuwa ba ya shan shayin safe sai da abin tsomawa, kuma na gida ya saba da shi: fulawa kofi 2, bota giram 125, sukari rabin kofi, ƙwai 1. Sai na ga wata baturiya a YouTube ta yi nata da fulawa da yogot kawai, ko ɗigon mai babu. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Na cire botar ƙaf, na juye yogot kofi guda, na murza kwaɓin har ya yi santsi kamar na fanke, na gasa.

Da zafinsa dama-dama. Da ya huce fa, Khalifa ya gatsa ya ja, ya sake ja, ya ce Mama wannan cingam ne? Abbansu bai ce uffan ba, ya dai tsoma a shayi ya zauna yana jiran ya jiƙa. Wallahi shirun nan ya fi min ciwo.

Amaryar Zazzau

Wayyo cikina! Anti ai gara ke, naki an iya gatsawa. Ni yogot ɗin roba na sayo a shago, mai zaƙi, wanda ake sha. Ina zubawa kwaɓin ya tsinke. Na ƙara fulawa, na ƙara, har kofi 2 ya koma 4. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, cikin bai nuna ba. Kajin maƙwabta ne suka yi walima.

'Yar Kano a Atlanta

Maman Khalifa, ina kyautata zaton baturiyar nan 'yar Amurka ce, kuma tun daga suna aka raba hanya. Abin da suke kira biskit a nan, musamman a jihohin kudu irin Jojiya inda muke, ɗan curin burodi ne mai laushi, babu zaƙi, ana ci da zafi da soyayyar kaza ko a zuba masa romo mai kauri. In ka sayi kaza a Popeyes ko KFC a nan, shi suke haɗo maka. Namu mai garas-garas, wanda muka gada wajen Turawan Ingila, su kuki suke ce masa. Ranar da na fara zuwa aka miƙo min "biskit" a wurin cin abinci, na yi ta leƙen cikin takardar ina neman sa, alhali yana hannuna.

To irin nasu yana karɓar yogot sosai, don dama da nono mai tsami ake kwaɓa shi. Ina yi wa yara ranar Asabar: fulawa kofi 2, bakar hoda cokalin cin abinci 1, bekin soda rubu'in cokalin shayi, gishiri kaɗan, bota mai sanyi ƙarara cokali 2 maimakon 6 ko 8 da suke sawa, sai yogot mai kauri wajen kofi 1. Juyawa kawai nake da cokali mai yatsu, in tattara shi, in ninka sau uku ko huɗu, in yanka da bakin kofi. Wuta mai ƙarfi yake so, digiri 220, minti 12 zuwa 15. Amma ranar da aka yi shi ake cinyewa. In ya kwana sai an ɗumama, in ba haka ba ya koma abin da Khalifa ya faɗa.

Baban Sadik

Ku yi haƙuri da kutsen namiji, uwargida ce ta miƙo min wayar ta ce sai na yi magana. Na yi shekara shida a gidan burodi kafin in koma tuƙi.

Hajiya, abu biyu suka haɗu a kwaɓinki. A cikin fulawa akwai wani sinadari da in ya sha ruwa aka murza shi yake zama danƙo, shi ake kira gulutin. Mu masu burodi shi muke nema, shi ya sa injin yake ta dukan kwaɓi har sai ka ja shi kamar roba bai tsinke ba. Mai biskit kuwa gudunsa yake. Aikin bota ke nan: tana lulluɓe garin, ruwa ya kasa ratsa shi, sai abu ya fito da rugurguzuwa a baki. Bota kashi 80 cikin 100 mai ce, ruwanta bai kai kashi 20 ba. Yogot kuma ya haura kashi 80 ruwa, man cikinsa kashi 3 ko 4 ne in na cikakkiyar madara ne. Kin cire mai tsaron ƙofa, kin kwararo ruwa, kin kuma murza da ƙarfinki. Burodi kika kwaɓa wanda ba yis.

Ni da za a bi tawa, rabin botar za a cire, a bar giram 60. Abin da aka cire kuma kada a mayar da yogot daidai yawansa, rabinsa ya isa, kamar cokali 2 zuwa 3. A kowane kofin fulawa a ɗebe cokali 2 a mayar da garin konfulawa, wato sitacin masara, don fulawarmu ta kasuwa mai ƙarfi ce, ta fi dacewa da burodi. Hannu kuma da ya ga gari ya ɓace a tsaya.

Maman Khalifa

Allah ya saka da alheri Baban Sadik, a gaida Maman Sadik. Kunya ta kama ni, don har muciya na sa na tuƙa shi.

Hajiya Babba

'Ya'yan zamani, kuna ta yogot yogot kamar jiya aka halicci nono. Abin da 'yata ta Atlanta ta ce Turawa na kwaɓi da shi, ai tsala ce, nonon da aka kaɗa aka kwashe mansa. Ga ta nan a ƙwaryar 'yan Fulani kullum. In mai ake gudu, tsala ta fi kindirmo, don kindirmo da mansa yake. Sai dai ki san wajen wadda kike saye, wani nonon an sirka shi da ruwa har ya gaji.

Ni ga yadda nake yi tun kafin in mallaki oben. Da daddare in juye nonon a ƙyallen tatar koko mai tsabta, in ɗaure bakin, in rataye a kan kwano a wuri mai sanyi. In akwai wuta, cikin firji. Da asuba za ki tarar da ruwa tsararo a kwanon, abin da ke ƙyallen ya yi kauri har cokali ya tsaya a ciki. Kofi 2 yakan dawo kamar kofi 1. Da wannan ake kwaɓi. Jikata ta kawo min wani daga babban kanti wai na Girka, da tsadarsa, na ɗanɗana na ce yarinya wannan ai tataccen kindirmo ne. Ruwan kwanon kuma kada a zubar, ina kwaɓa fanke da shi.

Gashi kuwa a tukunyar yashi nake: yashi wankakke a gindin babbar tukunya, a ɗora murfin kwano ko duwatsu uku, faranti a kai, garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi. Mai yogot ya fi saurin kama ƙasa, saboda haka wutar sama ta fi ta ƙasa.

Uwar Biyu

Hajiya ina gaisuwa. Ni bin dabarar gida ce ta kai ni ta baro. Bekin soda ta ƙare min, na ce ai kanwa ma tana kashe tsami, na jiƙa ungurnu na tsiyaye ruwan na zuba. Kwaɓin ya koma rawaya tun a kwano, bayan gashi ya yi duhu, a baki kuma kamar an lashi sabulu. 'Yan biyu da ba sa ƙin komai sai da suka tofar.

Daga baya ƙanwata da ta karanta kimiyyar abinci ta ce tunanin bai ɓace ba, awon ne babu. Tsamin yogot ne ke haɗuwa da soda su fitar da iskar da ke ɗaga kwaɓi, kuma in sodar ta fi tsamin yawa, ragowar ce ke ba da ɗanɗanon sabulu. Kanwa kuwa kowane dunƙule da ƙarfinsa, ba ka san nawa ka zuba ba. Ƙa'idar da ta ba ni: rabin cokalin shayi na soda ga kofi guda na yogot. Wanda zai sa cokali 3 kacal, ɗan tsunkule ya ishe shi, ko ma ya tsaya a bakar hoda, don ita da tsaminta a ciki take zuwa.

Anti Nas

Maman Khalifa, bari in sako nawa ta ɓangaren aiki, don ina ganin irin wannan a asibiti. Na taɓa yi wa mahaifiyata irinsa, tana da ciwon suga, ina ta murna na rage mai. Da ta ji an ce "marar mai" sai ta saki jiki, guda shida a zama ɗaya. Awon yamma ya nuna min kuskurena. Fulawa da sukarin suna nan yadda suke, kuma su ne ke ɗaga suga. Abin da ma na lura, in an rage bota ɗanɗano yakan yi lami, sai hannu ya tafi ga gwangwanin sukari. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sukari 4, to in kin cire cokali ɗaya na mai kin ƙara biyu na sukari, kusan an koma gidan jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin abincin yini, wajen giram 50 ke nan ga babban mutum, kuma shayin Abban Khalifa ma yana cikin lissafin.

Masu haɗa yogot a gida da madarar gari kuma su duba buhun. Da yawa daga cikin ta awo an cire mata man shanu an mayar da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Yogot ɗinta yana kama jiki, amma ba marar mai ba ne. Ni ɗanɗano da citta da kirfa da ɓawon lemon zaƙi nake ƙara shi yanzu.

Mai Kek ta Sabon Gari

Ni sana'ata ce, kuma kwastomomi masu neman "na masu rejim", wato masu takatsantsan da abinci, sun yi yawa, sai da na ɓata fulawa ta kai mudu uku kafin in gane. Duk abin da Baban Sadik ya faɗa haka ne, amma ko an bi shi, mai yogot ba ya yin garas irin na bota zalla in an yi shi da kauri. Ruwan ne bai gama fita ba. Hanya biyu na samu. Ko dai a murza shi siriri, kaurin tsabar kuɗi biyu a haɗe, a huda da cokali mai yatsu, a gasa a digiri 170 na minti 15 zuwa 18, a kashe oben a bar shi ciki ƙofa a ɗan buɗe. Ko kuma a yi masa gashi biyu irin na 'yan Italiya: a mulmula kwaɓin kamar sanda mai faɗi, a gasa minti 25, a bari ya sha iska minti 10, a yayyanka da wuƙar burodi, a kwantar da yankan a mayar a digiri 150, kowane gefe minti 10. Wai kalmar biskit ɗin ma asalinta daga Latin ne, ma'anarta abin da aka gasa sau biyu.

Na biyun shi zan ba ki shawara, tunda maigidan mai tsomawa ne. Yana shan shayi bai narke ya faɗa kofi ba. Ina zuba soyayyar gyaɗa ko riɗi a ciki. Eh, su ma mai ne, Anti Nas kada ki harare ni, amma ai ba irin na bota ba ne.

Kafin a murza, a sa kwaɓin a firji rabin awa. Ranar da aka ɗauke wuta, kwano nake ɗorawa a kan randa in rufa da jiƙaƙƙen tsumma.

Anti Nas

Na harare ki kaɗan, amma na yarda. Gyaɗa da riɗi sun fi. A dai ƙirga guda nawa ake ci.

Ta Maraɗi

Sannunku. Mu nan da solani, nonon kamfani na leda, na fara gwadawa, sai na koma tatar nonon kasuwa kamar yadda Hajiya ta ce. Abin da ban ga an taɓo ba shi ne ajiya. Da hunturu na yi, ya yi sati biyu a gwangwani yana ƙara in an karya. Na sake yin irinsa sak a watan Agusta, kwana uku ya yi laushi, a na shida na ga fumfuna a gefe. Na bota yakan jure fiye da haka. Yanzu da damina kaɗan nake yi, in bari ya huce sarai kafin in rufe, in ya saki kuma in mayar wuta minti 5.

Maman Khalifa

Na dawo da rahoto. Daren Juma'a na rataye kindirmo a ƙyalle, Khalifa na ta tambaya ko awara zan yi. Na sa bota giram 60, tataccen kindirmo cokali 3, ƙwai 1, konfulawa yadda Baban Sadik ya ce, sukari na rage zuwa sulusin kofi, na daka citta da kirfa na zuba. Muciya tana rataye, ban ko kalle ta ba. Na yi gashi biyu. Wajen yankawa guda huɗu sun ɓare don ban jira ya sha iska ba, gajen haƙuri.

Ba zan yi ƙarya ba, ƙamshin botar nan da ke cika gida ya ragu, kuma in aka ci shi gaya yana da ɗan tauri. Amma a shayi ya yi. Abbansu ya ci uku, ya miƙa hannu zai ɗauki na huɗu na janye farantin na ce Anti Nas ta hana. Ya ce wace ce kuma Anti Nas?

Hajiya Babba, ruwan da ya tsatso yana firji, kusan kofi guda. Fanken da shi kaɗai ake kwaɓawa ko ana sirkawa da ruwan ɗumi?