Gwaggo a Makka, biki a Riyad, hutu kuma ɗaya: yaya zan yi?

Ɗalibin Madina: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan. Ina karatu a Madina, an kusa ba mu hutun tsakiyar zango, mako guda da ɗan ɗoriya. Akwai yayar mahaifina a Makka, wajen unguwar Shara Mansur, ta manyanta sosai, tun kafin a haife ni take can. Tunda na zo ban taɓa kwana a gidanta ba, gaisuwar tsaye na yi mata ranar da na je Umara. Baba ya bugo daga Katsina ya ce hutun nan wajenta zan yi shi. To kuma abokina da muka zauna ɗaki ɗaya zai angwance a Riyad, daren Alhamis ɗin da ya faɗo tsakiyar hutun. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, shi ya yi ta yawo da ni har igamata, wato takardar izinin zama, ta fito. Abin da ke hannuna riyal 900 ne, mukafa'a (alawus ɗin ɗalibai) da ɗan abin da na tara. Zan iya haɗa biyun? Daga Makka zuwa Riyad jirgi ko bas? Kuma nawa ake ba ango gudunmawa a nan?

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. Ai abin mai sauƙi ne. Hau jirgin ƙasa na Haramaini, awa biyu da rabi ba su cika ba kana tashar Rusaifa. Ka ɗauro harami tun daga ɗaki, ka kama izini a manhajar Nusuk, ka samu Umara a kan hanya. Daga Makka kuwa Jidda nan ce kusa, ka je bikinka ka dawo a daren.

Ɗalibin Madina: Na gode Malam, amma Riyad ne bikin, ba Jidda ba.

Direban Tirela: Riyad? To gyara zama. Makka zuwa Riyad ta hanyar Ɗa'ifa kusan kilomita 870 ne, hanyar da nake ci da ita ce. Babu jirgin ƙasa daga nan yamma zuwa can, Haramaini iyakarsa Makka, Jidda, Rabig, Madina. Bas zai ci maka awa goma ko fiye da tsaye-tsayen salla da cin abinci. Na sa ƙanena a bas bara, wajen riyal 180 ya biya zuwa kaɗai. Ka hau na daren Laraba, ka yi barcinka, gari na wayewa kana can.

Ɗan Gobir: Wane bas kuma a wannan zamani? Ni riyal 230 na hau jirgi daga Jidda, awa ɗaya da rabi. Jirgin ƙasan ma har cikin filin jirgin Jidda yake shiga.

Abu Sumayya: 230 a wane wata? Ni 640 aka ce min ranar wata Laraba, na rufe wayar na ajiye.

Ɗan Gobir: Kai da ka tashi saye ana gobe tafiya? Wata guda kafin lokaci ake kamawa.

Direban Tirela: To shi yaron wata guda gare shi? Hutun makarantu ne, kuma ƙarshen mako, kowa Alhamis yake tafiya. Kada ku ruɗe shi da farashin da kuka gani a tsakiyar Safar.

Mai Shago a Karantina: Ɗan'uwa, kada ka je bikin nan. Ban san abokinka ba, amma bari in faɗa maka abin da ya same ni. Wani aminina da muka taso tare a nan Jidda, tun muna yara muna sayar da ruwa lokacin Hajji, ya samu aiki a Dammam, ya tashi aure. Na rufe shago, na ci bashi na ɗinka sabon tobi (jallabiyar Larabawa), na sa riyal 500 a ambulan. A lokacin kawuna yana kwance a Makka, a Jarwal, ya aiko a ce in zo. Na ce bari in dawo daga biki. Na isa istirahar, wato gidan bikin da aka kama haya, bayan Isha, a bayan gari, ko fitilar kirki babu a hanyar. Ango yana zaune a tsakiya cikin alkyabba, abokan aikinsa sun kewaye shi. Na shiga layi kamar kowa, na miƙa hannu, ya ce "hayyakallah", ya juya ga na bayana. Wallahi ko sunana bai kira ba. Gahawa da dabino muka yi ta sha har ƙarfe ɗaya saura kafin a buɗe ɗakin abinci, cikin minti ashirin an share tire-tiren mandi (shinkafa da nama), kowa ya wanke hannu ya kama gabansa. Babu wanda ya tambaye ni inda zan kwana. A kujerar mota na kai asuba. Kafin in huce gajiya in shiga Makka, kawu ya rasu, sai sallar gawa na samu a Harami. Shi kuwa aminin nawa, ta'aziyyarsa muryar WhatsApp ce ta 'yan daƙiƙu. Har yau matar kawu ba ta kallon fuskata in na gaishe ta.

Abu Sumayya: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙansa.

Ɗan Gobir: Amin. Amma ango a daren bikinsa ko kansa bai sani ba, mutum ɗari uku kowa da hannu a miƙe. Ka yi masa uzuri.

Mai Shago a Karantina: Daren biki na yi masa uzuri. Ta'aziyyar fa? Ita ma hannu ɗari uku aka miƙa masa?

Direban Tirela: To kuɗin ambulan ɗin, ya san kai ka bayar? Domin wasu ƙanen ango ke karɓa, ba a rubuta suna.

Mai Shago a Karantina: Na rubuta sunana da Larabci da boko. Da nawa auren ya tashi, bai zo ba, bai aiko ba.

Gwauron Hindawiyya: Ni dai abin da na ji a labarin nan shi ne mandi ya ƙare cikin minti ashirin. Ɗalibi, in za ka je, ka zauna kusa da ƙofar ɗakin abinci, ka naɗe hannun riga tun ƙarfe goma sha biyu. In kuma ba za ka je ba, turo min adireshi in wakilce ka.

Baba na Misfala: Ɗana, babu shawara a nan. Mahaifinka ya yi magana, an gama. Ni a garin nan aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo ta Sudan, ya tsallako daga Sawakin. Mun san tsofaffin nan na Shara Mansur, da yawansu 'ya'ya sun watse, wasu Nijeriya, wasu Nijar, wasu an mayar da su. Tsohuwa takan wuni ba wanda ya yi mata sallama sai mai kawo iskar gas. Zumunta a ƙafa take. Ku ɗaliban yanzu kun ɗauki waya kun mayar ita ce ziyara.

Ɗan Gobir: Baba, da girmanka, amma ku da kuke da dangi unguwa guda ba ku san zaman baƙunta ba. Wanda ya zo shi kaɗai, abokin ɗakinsa shi ne danginsa. Ran da ya kwanta zazzaɓi, gwaggo ce za ta taso daga Makka ta kai shi asibiti?

Baba na Misfala: Shekara nawa ka yi a ƙasar nan da za ka koya mini baƙunta?

Ɗan Gobir: Ba shekaru ake tambaya ba, farashin tikiti ake tambaya. Yaushe rabonka da Riyad, Baba?

Ummu Hafsa: Duk kun yi ta magana a kan gwaggo, babu wanda ya ce a tambaye ta. Ƙanena, ka fara sauka wajenta, ka yi mata kwanakin farko cikakku, ba kwanan da za ka wuni a Harami ka dawo barci ba. Ka zauna ta ba ka labarin dangi, ka duba mata magungunanta, ka kira Baba ta bidiyo su ga juna. Tsaraba kada ka wahalar da kanka: dabinon ajwa rabin kilo da damin na'ana'ar Madina, tsofaffin Makka suna son ta a shayi fiye da turare. Ranar Talata sai ka gaya mata zancen bikin da bakinka. Surukata haka ta yi wa ɗan ƙanenta, ita ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗin mota, ta ce aure ba a ƙin zuwa. In kuma ta ɓata fuska, ka samu amsarka.

Gwauron Hindawiyya: Ka yi hankali dai, gwaggon da ta nace a zo a kwana, wataƙila akwai jikar maƙwabta da aka tanada. Kana neman bikin wani a Riyad a ɗaura naka a Shara Mansur.

Abu Sumayya: Ku tsaya, shin zai ma iya shiga Makka? Igamarsa ta Madina ce, in ba tasrihi, wato izinin shiga Makka, za a juyo da shi a shingen hanya.

Direban Tirela: Wannan sai ƙarshen Shawwal ake farawa, in Hajji ya gabato. Ya duba kwanan watan hutunsa kawai. Ɗalibi, in ka sauka filin jirgin Riyad akwai jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe ƙarshen 2024, riyal 4 ne, amma tsakar dare yake rufewa, kuma istirahohi ba a bakin layinsa suke ba. Dawowa sai tasi. Ka ware 100.

Ɗalibin Madina: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yaya Ummu Hafsa, maganarki ta shige ni. Saura gudunmawar, har yanzu ba wanda ya faɗa min. 100 ta yi kaɗan?

Mai Shago a Karantina: Ko 10 ka ba shi ta yi yawa.

Abu Khalil Batha: Ni a Riyad nake. Gudunmawar da abokinka yake buƙata ita ce a gaya masa gaskiya kafin ya ajiye mata a kan igamarsa. Kuɗin murafiƙai, wato harajin da baƙo ke biya kan iyalin da ke zaune da shi, da aka fara a Yulin 2017 riyal 100 ne a wata kan kowane mutum, ya koma 200, ya koma 300, tun 2020 yana 400. Ni mata da yara uku, 1,600 kowane wata, 19,200 a shekara, kuma sai ka biya kafin a sabunta igama ko a ba su bizar fita da dawowa. Na kwashe su na mayar Zinder. Kuna ta gardamar wa za a ziyarta a hutu, ni ƙaramar 'yata a waya ta koyi kiran sunana.

Baba na Misfala: Wannan shi ya kwashe mana unguwa. Layinmu gida nawa aka rufe, bikin da a da ake kwana uku ana yi, yanzu mata ba sa cika falo ɗaya.

Ɗan Gobir: Ai ba kowa ke biya ba, akwai waɗanda aka ɗauke wa. Wani ya ce min ma za a sake duba abin.

Abu Khalil Batha: "Wani ya ce min" nake ji tun shekarar da aka fara. Watan jiya abokin aikina ya biya na wata uku, na ga saƙon bankin da idona. In kana da takardar da ta ce an ɗauke, sako ta nan in gani.