Neman kalma: "loop" da "block" a wayoyin ƙaramin jirgin ƙasa

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Gobe da la'asar za mu ɗauki shirin kimiyya na rediyo kan Miniatur Wunderland da ke Hamburg a Jamus, gidan ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Galibin kayan wurin an ƙanƙantar da su sau 87. Bayanin wayoyi ne ya tsaya mini. A tsohon tsari, ƙarafan dogo biyun su ne wayoyin. Ka ƙara wuta, daga sifiri zuwa volt 12, jirgi ya ƙara gudu; ka juya fosatif da nagatif, ya koma da baya. To in layi biyu a haɗe suke, jiragen tare za su tashi, tare za su tsaya. Shi ya sa ake yanka layin, kowane yanki da makunninsa. Me zan kira "loop", me zan kira "block", me kuma zan kira abin da ake riƙewa ana ba jirgin wuta?

Injiniya Zariya: Wa alaikumus salam Hajiya. Loop, zagaye. Zagayen ciki da zagayen waje. Block kuwa ki ce gaɓa, kamar ta rake: sanda ɗaya ce, amma kowace gaɓa da iyakarta. A iyakar ake cire mahaɗin ƙarfe a sa na roba don kada wuta ta tsallaka.

Ɗan Damagaram: Kewaye ya fi zama a bakina.

Maman Hanif: Kewaye a rediyo? Ƙanena, makewayi mai sauraro zai tuna.

Malamin Hausa: Da'ira ita ce ta littafin lissafi. Abin riƙewar kuma linzami ne, babu tantama. Da shi ake sakin doki, da shi ake tsai da shi, da shi ake juya shi. Ayyukan na'urar ke nan guda uku.

Injiniya Zariya: Ranka ya daɗe, da'ira sai ta zama ƙawanya cif. Layukan nan wani mai tsawon ƙwai ne, wani yana bi ta ƙarƙashin gada ya dawo. Akwai ma wani iri, Hajiya, da zai zo miki a rubutun: layi ya fita, ya lanƙwaso, ya dawo kan kansa don jirgi ya juya fuska. A nan ƙarfen dama yake haɗuwa da na hagu, wuta ta yi shot nan take. Dole a yanke ƙarafan biyu a mashiga da mafita, a sa makunnin da zai juya wutar kafin jirgi ya fito. Wannan ni zarge nake ce masa, don siffarsa ke nan.

Malamin Hausa: "Shot" kuma? Ga fosatif, ga nagatif, ga shot. Ina Hausar a nan? Jirgi ya iso Kano tun 1911, iyayenmu suka ce layin dogo, suka ce kan jirgi, ba su jira kowa ba. Mu da muka yi karatu ne za mu kasa?

Baba Reluwe: Malam, mu da muka yi aikin, reluwe muke cewa, tasha muke cewa, shantin muke cewa. Duka aro ne, kuma babu wanda ya ce mana ba Hausa muke yi ba.

Ɗan Damagaram: Kullum haka ne. Aron Ingilishi ya zama Hausa, mu in muka ɗauko na Faransanci a ce mun ɓata harshe. Shirin nan har Damagaram da Maraɗi ana jin sa, a tuna da mu.

Malamin Hausa: Ka ga dalilin da ya sa nake cewa linzami. Ba na Ingila ba ne, ba na Faransa ba.

Maman Hanif: Malam, na gwada shi a baki. "Jirgi mai linzami" ana gama labaran duniya, makami mai linzami za a ji.

Injiniya Zariya: Kuma a sabon tsari, DCC, wato sarrafa jiragen ta hanyar aika musu umarnin dijital, wuta tana kan dogo koyaushe. Kowane kan jirgi da 'yar dikodarsa, wato na'urar da ke karɓar umarni, da lambarsa, sabo yakan zo da lamba 3. Ka kira lamba, shi kaɗai zai amsa, ko jirgi biyar ne a zagaye ɗaya. Na hannun nan rimot ne kawai. Amma zarge yana nan da matsalarsa, sai dai na'ura ce ke juya wutar da kanta.

Malamin Hausa: To a ce akala, in linzami ya tsorata ku. Rimot dai ban yarda ba.

Maman Hanif: Na ɗauki zagaye, gaɓa da zarge. Shot zan ce "haɗuwar wayoyi" saboda 'yan uwanmu na Nijar. Akala zan faɗa sau ɗaya da bayani, sannan in ci gaba da "na'urar sarrafawa". Mahaɗin robar nan fa? Ya yi mini tsawo a jimla.

Baba Reluwe: Bar shi haka, 'yata. Ana ganewa.

Malamin Hausa: Gaɓa ta yi, wannan na ba Injiniya. Amma a ajina linzami zan koyar.