Rwang Pam ko Titin Zariya: Ina Ne Gidan Ƙwallon Jos?

Kawu Sale: Salamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda ba ta yi wa daɗi ba ya yi haƙuri. Ɗauke wasannin Plateau United daga filin Rwang Pam zuwa sabon filin titin Zariya shi ne ya kashe kallon ƙwallo a Jos. Sabon ya fi girma, ban musa ba. Amma a da ranar wasa mutum zai rufe shagonsa a Taminus bayan azahar, ya taka da ƙafa, kafin a busa usur ya samu wurin zama. Na Gangare ya tako, na Dilimi ya tako, na Tudun Wada ya gangaro. Yanzu sai ka ware kuɗin keke zuwa da dawowa kafin ka yi maganar tikiti.

Nura: Wa alaikumus salam Kawu. Da girmamawa, ba fili ne ya kashe ba, gidan kallo ne. Ku leƙa titin Bauchi ko Unguwar Rogo ranar Lahadi da yamma, benci a cike, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Wasan gida ƙarfe huɗu ake take shi, daidai lokacin da manyan wasannin Firimiyar Ingila suke zuwa. Ko a tsakar gidanmu aka kawo fili, yaran yanzu Arsenal da Chelsea za su je kallo.

Baba Dung: Nura ɗana, bari wanda ya zauna a wurin ya ba ka labari. Mu a ɓangaren da babu rumfa muke zama, kan siminti. Idan hunturu ne sanyi ya ratsa wandonka, idan damina ce ka nemi leda ka rufe kai, kuma ba mai tashi. Kafin 'yan wasa su fito masu ganga sun fara, mai rake yana ratsa sahu da wuƙarsa, ka miƙa kuɗi daga sama hannu ya karɓa ya miƙa wa hannu har ya kai gare shi, raken ya dawo maka ta hanyar da kuɗin ya bi. Ba a taɓa cin kuɗin wani ba a sahunmu. Kuma fili ne da kake jin ɗan wasa yana kiran abokinsa da suna, kana jin ƙarar takalmi idan an yi karo. Mighty Jets, ƙungiyarmu ta Jos a wancan zamanin, ita ce ta fara ɗaukar kofin lig na ƙasa a 1972. Sam Garba Okoye, Ismaila Mabo, 'yan gidan Atuegbu, da idonmu muka gan su, ba a talabijin ba.

Malam Iliya: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma wasan da duk dattijon Jos yake fara ba da labarinsa ba a Jos aka buga shi ba. Ƙarshen Kofin Ƙalubale na 1972 tsakanin Mighty Jets da Bendel Insurance a filin Onikan na Legas aka yi, inda Sam Garba ya farke biyu dab da tashi aka yi 2-2. Aka sake wasan a filin Liberty na Ibadan, Bendel ta ci 3-2. Mafi yawan mutanen garin nan a rediyo suka ji. Kenan abin da kuke kewa ƙungiya ce da 'yan wasanta, ba siminti ba.

Baba Dung: Malam, wanda ya manne da rediyo ranar nan, me ya sa zuciyarsa take bugawa? Saboda ya san mutanen. Makon da ya wuce ya gan su a fili, zai kuma gan su a kasuwa. Ba ka son ɗan wasan da ba ka taɓa gani yana zufa a gabanka ba irin wannan son.

Nura: To ai ni ban taɓa ganin Saka ido da ido ba Baba, amma idan aka ci Arsenal abinci ba ya shiga.

Anti Larai: Ku maza kuna ba da labarin ciki, bari in ba ku na waje. Mahaifiyata ƙosai da kunu take sayarwa a bakin ƙofa ranar wasa, ni nake riƙe mata canji. Cinikin ranar nan ya fi na sauran kwanakin mako, gaskiya ne, kuma ta wannan fuskar ina bayan Kawu, don fili a tsakiyar gari yana ciyar da gidajen da ba ruwansu da ƙwallo. Amma ku faɗi sauran. Tsofaffin filayenmu duka, a Jos ne ko a wani gari, ba a gina su da tunanin mace za ta shiga ba. Ƙofa ƙarama, turereniya, ba wurin kama ruwa na kirki. Idan aka kusa tashi aka buɗe ƙofa kyauta, yara su kwararo ciki, na ciki suna son fita, mu sai mu ɗauke kasko da mai mai zafi mu koma gefe da gudu. Har na yi aure ban taɓa zama na kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe ba.

Koci Bala: Anti ta taɓo inda nake so. Kusancin nan da Baba yake yabo, ɗan kallo ne yake jin daɗinsa. Ku tambayi wanda ya riƙe usur ko tuta. Na taɓa riƙe tuta a wani gari da ba zan ambata ba, waya kawai ce tsakanina da mutane, wani yana faɗa mini a kunne cewa sun san motar da muka zo da ita. Na ɗaga tutar satar gida a kan masu gida, dutse ya sauka kusa da ƙafata. Shekara da shekaru a lig ɗinmu cin wasa a waje abin mamaki ne, kuma kowa ya san dalili. Abin da wasu suke kira zafin gida, rabinsa tsoro ne.

Kawu Sale: Koci, wannan halin mutane ne, ba laifin gini ba, kuma a sababbin filaye ma ana yi. Nura kuma ga amsarka. A 2017 babu gidan kallo ne? Akwai, har da waya a hannun kowa. Amma a Satumbar shekarar, ranar da Plateau United ta ci Rangers 2-0 ta ɗauki lig karo na farko a hannun Kennedy Boboye, a Rwang Pam aka yi, kuma babu masaka tsinke. Yaran da kake cewa sai Chelsea, su ne suka cika wurin, wasu da rigar Chelsea ɗin a jikinsu.

Nura: Kawu ai ranar kofi ce. Ranar kofi ko a Bukur aka kai wasan mutane za su bi. A auna da wasan tsakiyar kaka, ƙungiya tana ta tara ko ta goma a tebur.

Malam Iliya: Ni da nake zaune Abuja yanzu, a nan zan ɗan karkata wajen Kawu. Babban filin ƙasa an buɗe shi a 2003 don wasannin Afirka, yana cin mutum kusan 60,000, an sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Gini ne na gani na faɗa. Amma yana bakin babban titi ne a hanyar shiga gari, ba unguwar da ya zama nata. Sai Super Eagles na da babban wasa yake cika, kamar ranar Ghana a Maris 2022 da aka tashi 1-1 muka rasa zuwa Kofin Duniya, mutane suka faɗa fili suna farfasa kaya. Wanda yake jin wuri nasa ne ba ya yi masa haka. Sannan saboda an gina na Abuja aka juya wa na Surulere a Legas baya, filin da aka ci Aljeriya 3-0 aka ɗauki kofin Afirka a 1980. Shekaru ya yi ciyawa na cin sa.

Nura: Malam, ko a Ingila ana barin tsohon fili. Arsenal ta bar Highbury a 2006, an mayar da shi gidajen kwana. Tsohon Wembley rushe shi aka yi. Ba wanda ya ce ƙwallo ta mutu.

Malam Iliya: Duba inda suka koma. Emirates da Highbury unguwa ɗaya ce, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa. Sabon Wembley kuma a kan gurbin tsohon aka gina shi. Sun canza gini, ba su ɗauke shi daga wurin mutanensa ba.

Koci Bala: Amma kar mu manta me ya sa ake neman sabo. Hukumar ƙwallon Afirka tana da sharuɗɗanta: ciyawa, fitilu, ɗakin sauya kaya, wurin 'yan jarida. Bayan kofin 2017, wasan gida na gasar Afirka da Etoile du Sahel ta Tunisiya a 2018 Kano aka kai shi. Na Esperance a 2022 a Abuja aka buga, Plateau United ta ci su 2-1, yawancin 'yan Jos ba su gani ba. To tsohon bai cika sharaɗi ba, sabon da aka fara tun zamanin soja shi ma bai hana a kai mu wani gari ba. Ni da za a tambaye ni, a gama ɗaya da kyau kafin a yi musu a kan wanne ya fi tarihi.

Baba Dung: Akwai abin da kowa yake kewaye shi, ni tsoho ne bari in faɗa. Tun rikicin Satumbar 2001 garin nan ya rabu. Akwai unguwar da ni ba na shiga da yamma, akwai wadda Sale ba ya shiga. Kasuwar Taminus da take haɗa mu ta ƙone a 2002. Me ya rage da Kirista da Musulmi za su zauna kafaɗa da kafaɗa awa biyu suna son abu ɗaya? Sunan Rwang Pam sunan Gbong Gwom na farko ne, wato sarkin Jos, Mighty Jets kuma Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya riƙe ta, 'yan wasanta Hausawa da Inyamurai da Yarabawa da 'yan ƙasa. Ni da Sale a sahun nan muka san juna, shekaru muna zama kusa kafin in san unguwarsu. Filin yana tsakiya, ba na wani ɓangare ba ne, ba sai ka ratsa ta gaban gidan wanda kake tsoro ba kafin ka isa. Jikokina da na Sale a ina za su haɗu? Gidan kallo kowace unguwa da nata. Na Kabong yana kallo a Kabong, na Rikkos yana kallo a Rikkos, ƙungiya ɗaya suke so amma ba za su taɓa tafawa ba.

Kawu Sale: Ka gama magana Dung. Abin da nake nufi kenan tun farko.

Nura: Baba wannan ta shige ni, ba zan yi musu da ita ba. Amma har yanzu ban yarda komawa tsohon fili kaɗai zai dawo da mu ba. Mikel Obi daga garin nan ya fita, Ahmed Musa ma, Moses Simon ma. Da yaro ya fara haske sai a ɗauke shi. Ku kun kalli Sam Garba shekara da shekaru, mu wa za mu kalla kaka biyu a jere? Idan ana so mu zo, a biya 'yan wasa su zauna, a kuma ɗauke wasa daga ƙarfe huɗu, a mayar da shi dare ko ranar da babu Firimiya.

Koci Bala: Na biyan 'yan wasa na yarda. Kuma ko ba a dawo da manyan wasanni ba, a riƙe tsohon da gyara, a riƙa kai ƙarshen gasar unguwanni da ta makarantu can. Tsorona kar wata rana wani ya dubi girman wurin a tsakiyar gari ya fara lissafin shaguna nawa zai ci.

Malam Iliya: Wasan dare sai da fitilu masu ƙarfi da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar wasa ba, Nura. Wannan kuɗi ne, ba canjin agogo kawai ba.

Anti Larai: Ko an sa fitilun, ni uwa ce. A yadda Baba Dung ya kwatanta garin nan, ba zan bar ɗana ya je wasan da za a tashi ƙarfe tara na dare ba, a Rwang Pam ne ko a titin Zariya. Ku nemi wata rana, amma ku bar shi da rana tsaka yadda kowa zai isa gida kafin magariba.