Tunda Nijar ta fita daga ECOWAS, kawuna sai ya nemi biza kenan?

Ɗan_Katagum:
Salam jama'a, dan Allah wanda ya san kan abin nan ya warware min. Kawuna ƙanin mamata ɗan Damagaram ne, shekararsa ashirin da wani abu a Azare yana saida kayan miya, matarsa 'yar nan ce yaransa duk nan aka haifesu. Satin da ya wuce yana dawowa daga gida ta Maigatari aka tsaidasu a wani shinge aka ce kowa ya fito da kati, ya nuna na Nijar sai wani mai kaki yace masa ai ku yanzu kun bar ECOWAS ku baƙi ne, har sai da ya saki ɗan wani abu kafin a barshi ya wuce. Tun ranar hankalinsa bai kwanta ba. Shin da gaske sai ya nemi biza yanzu?

Abu_Hanifa_Wunti:
Wa alaikumus salam. A'a, mai kakin nan na goro kawai yake nema. Gaskiya ne Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ECOWAS da kanta ta sanar cewa a ci gaba da karɓan fasfo da katin 'yan ƙasashen masu tambarinta, su ci gaba da shige da fice ba biza har sai an sake sanarwa. Sai dai abinda mutane basa ganewa, yarjejeniyar shige da fice ta ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta baka ka zauna ba biza. In zama zakayi sai ka je ofishin imigireshan a maka katin zama. Mafi yawan 'yan uwanmu basu taɓa yi ba. Ka rakashi ofishinsu na Bauchi ya gyara takardunsa tun ana dariya.

Sarkin_Yaƙin_Toro:
Ni dai ku yi haƙuri, ban da matsala da kawunka amma wallahi ya kamata a matse boda. Iyakarmu da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, ƙofa nawa ake tsaro? Sauran duk hanyar mashin ce da ta shanu. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 bindigogi suke gangarowa ta Sahara, kuma duk da Bauchi bata da boda da wata ƙasa mu da muke kusa da dajin Lame Burra mun san abinda muka gani. Ku tambayi dattawan Pantami a Gombe abinda ya faru a rikicin mabiyan Maitatsine na 1985, shi Maitatsine ai daga Marwa ta Kamaru ya shigo.

Maman_Ilham:
Sarkin Yaƙi ai an matse ɗin mun gani. Agusta 2019 Buhari ya rufe boda, sai Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun. Me ya ragu a lokacin? Satar ɗaliban Ƙanƙara ma boda na rufe akayi ta, kwana kaɗan kafin a buɗe. Abinda muka samu kawai shinkafa ta tashi, ni da nake saida abinci na san yadda na kwashe da mudu a Muda Lawal. Haka 2023 bayan juyin mulkin Nijar aka kuma rufewa har da yanke musu wuta, motocin albasa da na dabbobi suka yi ta jibgewa a bakin iyaka, ɗan bindiga kuwa dama ba ta get yake bi ba balle a tambayeshi fasfo.

Abu_Hanifa_Wunti:
Kuma a bi a hankali da maganar wane baƙo ne. A 1980 aka ɗauke Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka kaishi Chadi wai ba ɗan ƙasa bane, sai kotu ce ta dawo masa da haƙƙinsa. To in an yiwa ɗan majalisa haka ina ga mai kayan miya. Bahaushen Maraɗi da na Katsina, Babarbaren Diffa da na Geidam, da ido zaka rabasu? Biza ta intanet da aka fara a Mayu 2025 tana da amfani ga masu sauka a jirgi Abuja da Legas da Kano, amma mu nan abinda zai yi aiki shine rajista, mai unguwa ya san wanda ya sauka a unguwarsa, mai gidan haya ya san wa ya baiwa ɗaki.

Sarkin_Yaƙin_Toro:
Rajistan na yarda. Amma in mai tsaron shingen dubu biyu ke buɗe masa hannu, ko katanga aka gina banza ne.

Ɗan_Katagum:
Na gode sosai Malam Abu Hanifa, Litinin in sha Allahu zamu shigo Bauchi. Katin nasa na Nijar ma naga kaman ya kusa ƙarewa, sai ya koma Damagaram ya sabunta tukun ko zasu karɓa haka?