Fim ɗin Warrior: in tura wa Baba ko in haƙura?

Sadiq_Fagge: Salamu alaikum jama'a. Mahaifinmu tun zamanin sinima mutumin Bruce Lee ne. An yi masa aiki a ƙafa, wuni yake a falo, zaman ya ishe shi. An ce min akwai wani fim mai dogon zango, Warrior, wai daga rubutun Bruce Lee aka ciro shi. Ina so in kai filas wajen masu turi. Baba ba ya jin Turanci, kuma ƙannena mata suna shige da fice a falon. Zai kallu a haka? Nawa ake tura zango ukun?

Dan_Gwandu: Kai, ka nemi The Raid kawai. Duka ne tsagwaronsa.

Sadiq_Fagge: Warrior na tambaya, yallaɓai.

Malam_Auwalu: Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiya aka gaya maka. Bruce Lee ya tsara labarin tun kafin rasuwarsa a 1973, 'yarsa Shannon ta adana takardun, sai a 2019 tashar Cinemax ta fara haska shi. Wani saurayi ne, Ah Sahm, ya sauka a San Francisco wajajen ƙarshen shekarun 1870 yana cigiyar 'yar uwarsa, aka sayar da shi ga dabar Hop Wei, masu faɗa da ƙananan gatura. Ashe ita 'yar uwar tasa, Mai Ling, tana auren shugaban dabar Long Zii, abokan gabarsu. Amma ni ba faɗan ya riƙe ni ba, yadda leburori 'yan Ayaland ke ganin 'yan Sin sun karya musu farashin ƙwadago, masu masana'antu na cin ribar kowa, 'yan siyasa na hura wuta. Wannan ƙiyayyar ce ta haifi dokar 1882 da ta hana leburorin Sin shiga Amurka. Dan_Gwandu, Joe Taslim na The Raid ɗin naka yana ciki, shi ne Li Yong.

Abban_Khairat: Sadiq, don girman Allah kada ka soma. Ni mai turi ya rantse min cewa nasa tatacce ne. Ranar da surukina ya zo daga ƙauye ganin jika, bayan isha na kunna don in ɗebe masa kewa. Faɗan bakin tashar jirgin ruwa ya burge shi har yana gyara zama. Kashi na farko fa, ba a je ko'ina ba, sai ga su a gidan magajiya Ah Toy, mata ba sutura. Rimot yana hannun yaro, yaron ya fita da shi tsakar gida. Tsohon nan ya miƙe yana salati, ya nemi buta. Da asuba ya ce a kai shi tasha. Har yau in na je gaisuwa, ta bayan labule yake amsawa, uwar Khairat kuma duk saɓanin da muka samu sai ta jawo zancen.

Bash_Kurna: Wato Ah Sahm ya doki mutum uku, ya haɗa da aurenka na huɗu 😂

Abban_Khairat: Ba abin dariya ba ne, Bash. Shanun da ya ce zai ba ni kiwo, ƙanin matata aka ba.

Maman_Ilham: Allah ya kyauta. Amma kai ma Abban Khairat, a gaban suruki wa yake kunna abin da bai fara dubawa ba?

Bash_Kurna: Maganar kuɗi, a layinmu naira 200 ne zango ɗaya.

Dan_Gwandu: Wace 200? Jiya 500 aka ce min, kashi goma ne fa kowane zango.

Ummi_Zinder: Nan wajenmu dala arba'in ne duka, amma da Faransanci.

Bash_Kurna: Na 200 ɗin ka gane fuskar mutum ma aiki ne, da dare aka yi rabin fim ɗin.

Malam_Auwalu: Ni dai ina ganin tsallake wuraren ba wuya. Wanda ya bar shi saboda wannan ya rasa kashi na biyar a zangon farko, inda Ah Sahm da Young Jun, ɗan shugaban Hop Wei, suka maƙale a wata mashaya a daji da gawa a akwati, da tarzomar unguwar 'yan Sin a ƙarshen zango na biyu.

Abban_Khairat: Malam, kai a waya kake kallo kai kaɗai da abin kunne. Mai iyali ake tambaya.

Malam_Auwalu: Na kalli kashi 30 ɗin duka. Kai minti nawa ka gani?

Maman_Ilham: Wanda wuta ta ƙona ai ya fi mai labarin hayaƙi sanin zafinta. Sadiq, ba na falo ba ne, ba wuri ɗaya ba ne ba biyu ba. Ka samo wa Baba Enter the Dragon, shi ma ka riga shi gani.

Sadiq_Fagge: Wannan ya haddace shi, Mama. To akwai mai fassarar Hausa? Na ji su suna yankewa.

Dan_Gwandu: Suna yankewa har da labarin. Wanda na samu, an mayar da Father Jun, shugaban Hop Wei, "Alhaji Mai Gatari". Kuma Ah Sahm yana jin Turanci saboda kakansa Ba'amurke ne, yana ɓoyewa a gaban 'yan sanda. A fassarar kowa Hausa yake yi, to me ya ɓoye?

Bash_Kurna: Alhaji Mai Gatari ya fi sunan asalin daɗi wallahi.

Ummi_Zinder: Ni abin da ya fi ƙona min rai, zango na uku ya fito a 2023, Young Jun da Ah Sahm sun raba gari, sai aka ce an tsayar da shirin. Haka suke yi, sai mutum ya saba.

Abban_Khairat: Masu turin nan ya kamata a tsayar. Wanda ya cuce ni har gobe yana nan a rumfarsa, da na koma cewa ya yi ai shi ma bai kalla ba.

Dan_Gwandu: Ni memori suka cinye min, hotunan sunan ɗana kaf. Wa ya san mai dawo da hotuna?

Sadiq_Fagge: Jama'a, gobe zan shiga kasuwa fa. In tura ko kada in tura?

Bash_Kurna: Dan_Gwandu, memorin giga nawa ne?