Da gaske ne ma'anar Khadija bakwaini ce?

Maman Sadiq, Pantami, Gombe:

Assalamu alaikum. Allah Ya sauke ni lafiya ranar Talata da asuba, an samu mace, suna Talata mai zuwa in sha Allahu. Maigidana yana so a mayar da sunan mahaifiyarsa da ta rasu bara, Khadija, Allah Ya jiƙanta. Ni ban ƙi ba, domin ta riƙe ni tamkar 'yar cikinta. Sai jiya wata maƙwabciyata da ta shigo barka take ce min wai a Larabce Khadija na nufin bakwaini, wadda aka haifa wata bai cika ba. Tun daga nan abin ya tsaya min a rai. Dama tun cikin yana ƙarami Afnan nake kiranta a zuciyata. Don Allah masu sani, gaskiya ne? Kuma in an yi mata huɗuba da Khadija, akwai laifi mu riƙa kiranta Afnan? Ko ba komai babanta ba zai iya kama sunan mahaifiyarsa ba.

Abu Hafsa, Azare:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki 'yar'uwa, Allah Ya raya ta bisa sunna. Ta fuskar lugga maƙwabciyarki ba ta yi kuskure ba, asalin kalmar ke nan. Amma kada ya dame ki ko kaɗan. Larabawa ma da yanayin haihuwa suke raɗa wasu sunayen. Fatima daga yaye ta samo asali, Rabi'atu kuma ta huɗu ke nan.

Abin dubawa shi ne Annabi (SAW) yana canza suna idan ma'anarsa ba ta dace ba. Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yana da 'ya mai suna Asiya, da ainun da sadi, wato mai saɓo, sai Annabi ya mayar da ita Jamila. Wannan daban take da Asiya matar Fir'auna, rubutunsu ma ba ɗaya ba ne. Haka ya mayar da Barra ta zama Zainab. To ya zauna da Nana Khadija kusan shekara 25 bai taɓa sunanta ba. Ita ce farkon wadda ta yi imani da shi, ita ce uwar Nana Fatima. Darajarta muke bi idan mun sa sunan.

Afnan kuwa rassan bishiya ne, yana aya ta 48 a Suratur Rahman inda ake siffanta Aljanna. Ba laifi a kira ta da shi. Sai dai a riƙa tambaya kafin a ɗauko kalma daga Alƙur'ani don daɗin amonta kawai, domin a cikinsa akwai ambaton wuta da mutanenta ma.

Goggo Kumbo, Dukku:

'Yata, barka, Allah Ya ba ki lafiyar shayarwa. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa.

Malam ya gama magana a kan ma'ana, ni a kan alkunya zan ce wani abu. Sunana na yanka Fadimatu, amma in kin shigo unguwarmu kin tambayi Fadimatu ba mai nuna miki gidana. Kumbo kowa ya sani, don ni ce mace ta biyu a ɗakinmu, haka Fulani suke yi. A zamaninmu da jin sunan yarinya kin san labarin zuwanta. Kande ta biyo bayan maza. Gambo ta biyo tagwaye. Azumi watan Ramadan, Tasalla ranar idi, Marka tsakiyar damina. In kika ji Barmani, ki tausaya wa uwar, ta sha binne 'ya'ya kafin wannan ta tsaya. Taki ma da a hannunmu ta faɗo, Talatu za ta tashi da shi.

Afnan suna ne mai daɗi, amma ba ya gaya wa kowa sunan wa ta ci. In kun ce Ummi, ko Walida, ko Innawuro kamar yadda muke cewa a nan, duk wanda ya ji ya san uwar maigidan ce ta dawo gidan. Ƙannen mijinki ba za su ɗaga mata murya ba, in sun zo gaishe ku har da tsarabarta daban. Shi ma uban duk sanda ya ce "Ummina" sai ya tuna ya yi wa mahaifiyarsa addu'a. Kada ki raba yarinyar da wannan gata. Afnan ki ajiye wa ƙanwarta, Allah Ya kawo.

Malama Jummai, Bauchi:

Goggo ki gafarce ni, ni ina ganin uwar da ta ɗauki ciki wata tara ita ma tana da haƙƙi. A gidanmu akwai wadda dangin uba ke ce wa Mama, uwarta na ce mata Hanan, duka tana amsawa.

Yaya, abin da nake so ki kula da shi takardar haihuwa ce. Ina koyarwa a sakandare, muna ganin wahalar nan duk shekara. Yarinya a takardar Hukumar Ƙidaya Khadija, a firamare an rubuta Hadiza, a NIN Khadijat, a gida kuma Dije ko Kubra. Ranar rajistar JAMB sai a shiga neman takardar rantsuwa a kotu. Ku zaɓi rubutu ɗaya tun yanzu, kuma laƙabin gida kada ya hau takarda sai in kun yarda ya zama sunanta na biyu har abada.

Maman Sadiq, Pantami, Gombe:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, hankalina ya kwanta. Na karanta wa maigidan maganar Goggo, ya ce shi Ummi zai riƙa cewa, ni kuma ya bar ni da Afnan ɗina. Malama, a takarda Khadija kawai za mu sa. Wadda take kusa da Pantami bismillah ranar Talata, akwai masa da miyar taushe.